Fuskarka a Bayan Kamiyon Dungas

Zuwa ga Baban Rabi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kabari ya yi sanyi. Na san ba za ka karanta wannan ba. To, da kana raye ma yaushe ka taɓa zama ka saurari labarina har ƙarshe?

Gida lafiya. Gero ya yi kyau bana, Rabi ta haifi namiji, ya ci sunanka.

Ka tuna hoton da abokinka Malam Isufu ya zana maka a allon bayan kamiyon da ke zuwa kasuwar Dungas? Ku biyu aka ba aikin fentin motar, ka sunkuya kana fitar da furanni, shi kuma ya zana ka da ragowar fenti. Goshi tsanwa, kumatu shuɗi, gemu ruwan goro, buroshi a hannu, fentin kauri-kauri kamar yaɓen bango. Ka yi fushi har ka ƙi cin tuwo. Amma duk garinmu Magariya wa ya kalla bai gane ka ba? Har cizon leɓen nan naka in aiki ya yi daɗi yana ciki.

Tun da na fita takaba, duk ranar kasuwa nake tsayawa bakin hanya in ga ka wuce, buhunan wake a bisa kanka.

Sai ga labari an sayar da motar ga wani ɗan Najeriya, yana son a shafe ta fari fat. Kuma wa ya ɗauka aikin? Malam Isufu! Wallahi na kasa barci. In an shafe ka, a ina zan sake ganinka?

Ashe tsohon nan yana da dabara. Ya lallaɓa mutumin, ya sa kafinta ya yi sabon allo, ya kwance naka. Jiya da hantsi ka dawo gida a amalanke, shanu biyu na ja, yaran unguwa na biye suna ihu kamar an kawo amarya. Ni dariya, shi Malam Isufu hawaye, yana cewa wai hayaƙin murhuna ne.

Mun jingine ka a ɗakina. Bari in gaya maka abin da ban taɓa faɗa ba: duk zamanmu kunya ba ta bar ni na kalli fuskarka sosai ba. Yau na zauna na kalle ka har na ƙoshi. Ashe kyakkyawa na aura.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haɗa mu a Aljanna.

Taka har kullum,
Uwar Rabi