Ni Na Koya Maka Saukowa Daga Mota

Zuwa ga ɗana Bashiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Mu nan Nasarawa muna lafiya, sai godiya. Damina ta yi kyau bana, gero ya fara fitar da kai. Hanyar Adabka kuwa tana nan yadda ka bar ta, sai ma abin da ya ƙaru.

Na san takarda ba ta isa inda kake. Na yi boko daidai gwargwado, na yi allo, ba sai wani ya tuna mini ba. Amma shekara biyu ke nan wata magana tana zaune a ƙirjina, kuma kai ya kamata in fara faɗa wa. Masu karantawa su karanta, musamman iyaye mata irina, masu ganin sun iya tarbiyya.

Kana da shekara bakwai, limamin unguwa ya shigo zaure ya same ka zaune a tabarma kana ɓare gyaɗa. Ka gaishe shi daga inda kake. Ban jira ya fita ba, a gabansa na ja kunnenka. Na ce maka ba a gaida babba daga zaune, ka tashi, ka je inda yake, ka rusuna. Na sa ka maimaita sau uku, kana kuka kana yi. Daga ranar ban sake ganin ka gaida wani a zaune ba. Har ka girma, in kana cikin mota ka ga sa'an babanka, sai ka tsaya ka sauko. Mutanen tasha suna cewa ɗan Hajara ba a kai shi ladabi. Ina ji, ina yin kamar ban ji ba, amma a raina ina jin daɗi.

Daminar farko da ka fara tuƙi, ruwa ya shiga motarka a mashigin rafi, takardu suka jiƙe suka manne. Na yi maka faɗa kwana biyu. Na ce mutumin da bai iya adana takarda ba, bai cancanci a ba shi rayukan mutane ya ɗauka ba. Sai na tattara rigunanka, na ɗinka wa kowacce aljihu ta ciki, daidai ƙirji, na ce nan lasisi da takardun mota za su riƙa zama cikin leda. Ka yi dariya ka ce, "Inna, kin maishe ni ofis mai tafiya." Amma ka bi. Kai kullum kana bi.

Abin da ya faru ranar, ba daga bakin hukuma na ji shi dalla-dalla ba. Goggo Dije ce ta faɗa mini, Bafulatanar nan mai kawo man shanu daga ruga, wadda take zaune a bayanka. Ta zo ta'aziyya bayan kwana bakwai, ta zauna bakin ƙofar ɗakina ta ƙi shigowa, har sai da na ce ta faɗa mini komai, kada ta rage.

Ta ce da la'asar ne, kuna dawowa daga kasuwar Gummi. Lokacin hanya ba lafiya, masu tafiya a tsorace, masu tsaron shinge su ma a tsorace. Wani ɗan sanda ya ɗaga maka hannu. Ka taka birki, ka buɗe ƙofa, ka sauko da sauri don kada ka bar shi yana jira. Ka nufe shi kana sunkuyawa, hannunka cikin riga daidai ƙirji. Ya daka tsawa da Turanci, ita ba ta ji abin da ya ce ba. Kai kuma ba ka tsaya ba, don kana ganin gaisuwa za ka yi.

"Wallahi Inna, sallama ce a bakinai," in ji ta. "Ledar takardun na hannunai sadda ya faɗi."

Kada ka ɗauka na wanke ɗan sandan. Babu dokar da ta ce a harbe mutum don ya sauko daga mota, kuma wanda aka ba bindiga an ba shi amanar ya duba kafin ya ɗana. An ce an ɗauke shi daga wurin, an ce ana bincike. Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba don a ce ni mai haƙuri ce. Wa'adi kuwa na Allah ne, na yi imani da wannan. Amma Bashiru, saukowar nan tawa ce. Sunkuyawar tawa ce. Aljihun ma da zarena da allurata aka yi shi. Na koya maka yadda ake shiga gaban liman da gaban hakimi, ban taɓa tunanin mutum mai riƙe da bindiga cikin tsoro wani abu dabam yake gani ba.

Bayan arba'in ɗinka na ɗauki littafi da biro na tafi gidan Baba Manu, maƙwabcinmu da ya yi aikin ɗan sanda har ya yi ritaya. Na ce ya faɗa mini abin da mai tsaron shinge yake so ya gani, da abin da doka ta hana shi yi. Ya fara bayani, ni kuma ina rubutawa. Abin da bai tabbatar ba, na ƙarasa shi daga shirin lauyoyi na rediyo. Daga nan na aika wa shugaban direbobin tasha cewa duk wanda ya sami sabon lasisi a turo mini shi kafin a sa shi a layi. Bai iya ce mini a'a ba, shi ya ɗauko gawarka da motarsa.

Da ka ga makarantar da ka yi dariya. Benci ɗaya ne a zaure, shi ne mota. Faifai shi ne sitiyari. Baba Manu yana tsayawa da sandarsa a bakin ƙofa, shi ne mai shinge. Samarin suna ce mini shugabar makarantar tuƙi marar mota. Suna zaton ban sani ba.

Ka san abin da yake karya mini zuciya? Duk ɗan gidan kirkin da aka zaunar a bencin nan, da Baba Manu ya ɗaga hannu, sai ya ajiye faifai ya miƙe zai je ya rusuna. Kusan dukansu. Iyayensu sun yi aiki irin nawa. Sai in daka tsawa in ce, "Zauna!" Bakin da ya ce maka tashi, shi ne yanzu yake cewa zauna.

Ina gaya musu su tsaya a gefen hanya a hankali, su kashe mota, su sauke gilashi, su ɗora hannu biyu a kan sitiyari inda za a gan su. Gaisuwa tana nan, ban soke ta ba, amma daga zaune, da murya a sarari. Kada hannu ya motsa sai baki ya riga shi: ranka ya daɗe, takarduna suna gaban mota, in ɗauko? Sai an ce ɗauko. Kada a sauko sai an ce a sauko. Takarda kuma ba ta zama a jiki, ko da uwar mutum ce ta ce ya sa ta a can.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ya fi yi mini wuyar koyarwa, don ni ban taso da shi ba. Cewa tambaya ba rashin kunya ba ce. Mutum yana da ikon ya tambayi laifin da ake tuhumarsa da shi. Yana da ikon ya duba sunan da ke ƙirjin kaki ya riƙe a ransa. In za a bincika bayan mota, ya nemi ya tsaya ya gani da idonsa. Wayarsa ba a buɗe ta haka kawai babu dalili na doka. In an ce a tafi caji ofis, ya bi ba gardama, ya nemi a bar shi ya sanar da gida, kada ya sa hannu a takardar da bai gane ba, kuma beli ba sayen sa ake yi ba. Gardama a bakin hanya ba ta taɓa ƙwato wa kowa haƙƙi ba. A kai ta inda ake sauraro, da rai a jiki.

Duk waɗannan 'ya'yan mutane ne, sun ji sun tafi. Wanda ya gagare ni na cikin gida ne.

Ƙanenka Sirajo ya sami lasisi tun bara. Motarka tana nan a rufe da tamfol, makullin yana cikin adakata, na hana shi. Shi ba ya miƙewa in Baba Manu ya ɗaga hannu. Zama yake yi ya zuba wa tsohon ido, muƙamuƙinsa yana motsi. Na ce ya yi gaisuwa, sai ya ce, "Inna, ni ba ni gaida waɗanda sunka kashe yayana." Na ce masa wanda zai tare shi ba shi ne wancan ba, ɗan wata ne shi ma. Na ce ladabi ya ɗauke mini ɗa ɗaya, ba zan zuba ido fushi ya ɗauke na biyun ba. Wata takwas muna haka. Abokansa suna lodi suna dawowa, shi yana zaune a tasha yana kallo. Har ya daina cin tuwon gidan nan na wani lokaci. Ban ba shi makullin ba.

Ranar Laraba da ta wuce ya shigo da safe, ya ɗauki faifai da kansa, ya zauna a benci, ya ce a kira Baba Manu. Ya yi komai daidai, sau uku. Na ce to, amma tafiyar farko da ni za a yi.

Muka kama hanyar Anka da hantsi, ni a gaba. Tun ranar da aka dawo da motar ban shiga cikinta ba. Carbinka yana nan rataye a madubi.

Ba mu yi nisa sosai ba muka iske shinge. Aka ɗaga hannu. Sirajo ya gangara gefe, ya kashe mota, ya ɗora hannuwansa. Ya yi sallama, muryar a bushe, amma ta fito. Ya nemi izini ya ɗauko takardu. Sai ɗan sandan ya ce ya buɗe wayarsa ya miƙo. Sirajo ya ce, "Ranka ya daɗe, wane laifi ake tuhuma ta da shi? In akwai, sai mu tafi ofis." Kalmomina ne, ni na sa su a bakinsa. Amma wallahi a lokacin ji na yi kamar in fizge wayar in miƙa da hannu biyu in ce a yi haƙuri. Na danne hannuna a ƙarƙashin mayafi. Aka ce mu jira.

Ban san tsawon jiran ba. Na karanta duk abin da na haddace. Can sai babbansu ya taso daga inuwa, mutum mai furfura, ya karɓi takardun ya duba. Bai yi maganar waya ba. Ya dubi lasisi, ya dubi takardar mota, ya ce sunayen ba ɗaya ba ne, ina mai motar?

Sunanka ne a jiki, Bashiru. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane gyara takardu, ban iya zuwa an cire shi ba.

Sirajo ya ce, yayana ne, ya rasu. Mutumin ya ce Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta. Na ga yatsun ƙanenka sun matse sitiyari har jijiyoyi sun tashi. Na san abin da ke bakinsa, na san kuma in ya fito ba ni da ikon mayar da shi. Ban dubi fuskarsa ba. Sai na ji ya ce, "Amin." Mutumin ya miƙo takardun, ya ce a je a sauya suna, Allah ya tsare hanya.

Mun ɗan yi tafiya sai ya tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya, ya kifa kansa a sitiyari. Ka san ni, ban saba rarrashin namiji ba, cewa nake yi a share hawaye a tashi. Wannan karon na ɗora hannuna a ƙeyarsa na bar shi ya yi har ya gaji. Da muka dawo gida ya miƙo mini makulli, na ce ya riƙe.

Ranar Litinin za mu je a cire sunanka a sa nasa. Na so ka fara ji daga wurina. Ba mantawa da kai na yi ba, ɗana. Ina so ne duk inda aka tsayar da shi, kada a sake yi masa wannan tambayar.

Ka yafe mini jan kunnen nan. Ka yafe mini yawan faɗa. Kai ba ka taɓa saɓa mini ba, ko sau ɗaya, kuma ban taɓa buɗe baki na faɗa maka ba. Na yarda da kai, Bashiru, duniya da lahira.

Ya Allah ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, ka karɓe shi yadda yake karɓar manya, da sakin fuska. Ka sanyaya zuciyar masu tuƙi da ta masu tsayar da su. Ka dawo mini da Sirajo gobe, da jibi, da duk ranar da ya fita. Amin.

Ni ce Innarka,
Hajara, daga Nasarawa.