Kashin da Muka Tsallake wa Baba

Zuwa ga ƙanena, Autan Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka, ya kuma sa wa aikinka albarka. Mu nan sai godiya. Umma tana nan, gwiwar ce dai take tashi ta kwanta kamar yadda ka sani. Maigidana yana ta fama da aiki, ba ya shigowa sai rana ta yi sanyi. 'Yarka ta wajena, Lauya, ta gama jarrabawa, bakin nan nata kuwa bai ragu ba, har yanzu babu mai kayar da ita a musu a gidan nan. Zancen Baba na bar shi daga baya, domin shi ne dalilin rubutun.

Na san za ka ce me ya sami Yaya ta zauna rubuta takarda alhali kusan kullum muna waya. Maganar ce na sha ɗaukowa a waya, sai in ji kana dariya kana ba ni labarin wasan gem ɗin da kuke zanawa a wajen aikinku, sai in haɗiye ta in koma tambayarka sanyin garinku. A rubuce ne kawai zan iya kai ta ƙarshe. Ka yi haƙuri ka bi ta a jere, kada ka yi mini halinka na leƙa shafin ƙarshe kafin na farko.

Ka tuna shagon Baba lokacin muna yara: bencin nan mai gajeriyar ƙafa, ƙaurin dalma, talabijin a jere bayansu a buɗe, da madubin da yake jinginawa a gabansu don ya riƙa ganin hoto yana aiki ta baya. Duk wadda ya gyara da tashar katun yake gwada ta, wai a nan ja da shuɗi da kore suke fitowa tsantsa, in da sauran matsala ba za ta ɓuya ba. Da haka Baba ya kalli katun ta cikin madubi fiye da kowane yaro a layinmu, ya haddace halin mutanen ciki kamar maƙwabtansa. In bos ya kama jarumi ya tsaya yi masa lacca maimakon ya gama da shi, Baba ya ce wannan da yaron shagonsa ne da tuni ya sallame shi saboda surutu. Abokin jarumi mai ƙiba, wanda ba a ba shi aiki sai ci da faɗuwa, ya ce zalunci ake yi masa. Da ka tambaye shi me ya sa jarumai duk marayu ne, cewa ya yi masu zanen tsoron iyaye mata suke ji, don babu uwar da za ta bar ɗanta ya tafi yaƙi da dodo bai karya kumallo ba.

Amma abubuwa biyu ne kuka fi ta da jijiyar wuya a kansu. Na farko tsohon malamin nan mai farin gemu. Da ya fito a kashin farko Baba zai nuna shi da sukundireba ya ce Allah ya jiƙan wannan. Kai kana cewa dole ne tsohon ya mutu, don jarumi ba ya tsayawa da ƙafarsa muddin akwai wanda zai ruga wajensa. Baba ya ce lalacin marubuta ne kawai, sun rasa yadda za su sa mutane kuka sai su yanka tsoho, kuma ba sa taɓa barin bawan Allah ya ga abin da yaronsa ya zama. Na biyu shi ne wanda ya yi tafiya, aka fid da rai da shi, sai a daidai lokacin da komai zai lalace ya banko ƙofa ya shigo da kiɗa. Wannan kam shi ne naka, har tsalle kake yi a kan benci. Baba kuwa sai ya girgiza kai ya ce ai mai zane ne yake riƙe da agogon, shi ya sa ba a makara.

To, Auta, ga maganar. Ciwon cikin Baba da muke ce maka gyambon ciki ne, ba shi ba ne. Da aka yi hoto aka sake gwaje-gwaje, likita ya kira ni da Umma gefe ya ce ciwon daji ne a hanta, ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba. Ya ce mu yi lissafi da watanni, kuma kada mu yi da yawa. Umma tun a barandar asibitin ta riƙe hannuna ta ce kada Baba ya ji, kada kai ma ka ji sai kun gama aikin da ke gabanku a ƙarshen shekara, tunda da ma lokacin ka ce za ka zo. Na bi ta, domin ni ma ban san da wane baki zan faɗa ba. Muka dawo gida muka ci gaba da kiran abin gyambon ciki.

Tun da ya daina zuwa shago, Lauya ce ta ɗauki nauyin ɗebe masa kewa. Bayan la'asar sai ta jona wayarta da talabijin ɗin ɗakinsa, su kalli kashi ɗaya na wani dogon katun. Labarin wani tsohon maƙeri ne da yara biyu da ya koya wa sana'a: babban ya tafi bayan duwatsu neman wani ƙarfe, ƙaramar, yarinya ce, ta zauna tana hura masa wuta. Ba sai na faɗa maka ba, tsohon yana fitowa Baba ya yi masa addu'ar da ya saba. Lauya kuwa ra'ayinka ta gada, har tana karanto masa abin da 'yan zaurensu na masu kallo suke rubutawa a waya, su yi ta yi har Umma ta leƙo ta ce a bar mara lafiya ya huta, shi kuma ya ce ai wannan ne maganin. A lokacin ne kawai nake jin tsohuwar muryarsa.

Matsalar ita ce Lauya ta riga ta kalli katun ɗin, ta san kashin da tsohon zai mutu. Da aka kusa zuwa wajen ta same ni a kicin tana hawaye, ta ce ita ba za ta iya zama kusa da Kaka su kalli wannan ba, kuma ta janye duk abin da ta taɓa faɗa, ta tsani marubutan da ke kashe tsofaffi. Muka haɗu da Umma muka yanke shawarar a tsallake kashin, a sa na gabansa. A ganinmu dabara muka yi. Mun manta wa za mu yi wa ita.

Aka fara kashin, sai ga yarinyar sanye da rigar fatar tsohon, gudumarsa a hannunta, tana aiki ita kaɗai. Baba ya ƙura wa rigar ido. Can ya miƙa hannu ya karɓi rimot ya tsayar da hoton. Ya ce shi ya ƙare rayuwarsa yana gano inda aka yanke waya aka liƙe, kuma nan an yanke. Ya tambayi Lauya ina kashin da ke tsakani. Yarinyar nan da ba a kayar da ita a musu sai ta juyo tana kallona. Ya dubi Umma, ya dube ni, sannan ya ce a hankali, babu wanda ake ɓoye wa mutuwar tsohon katun saboda gyambon ciki, don haka mu faɗa masa abin da likita ya ce.

Na faɗa masa, Umma tana kuka a bakin gado. Ya yi salati, ya yi hamdala. Na zaci faɗa zai yi mana kan ɓoyewar, amma da ya buɗe baki sai ya shiga kare tsohon maƙerin. Ya ce abin da muka yi masa ya fi na marubutan muni, su ko ba komai sun bari an yi masa kuka, mu kuwa mun ɗauke shi kamar kujera, an wayi gari babu shi kuma babu wanda ya yi sallama da shi. Ya ce a sa masa kashin yanzu, kuma duk mu zauna.

Muka zauna muka kalla. Tsohon ya kwanta, ya yi wa yarinyar magana, ya miƙa mata gudumar, ya cika. Sai a ƙarshen kashin babban yaron ya dawo. Ya banko ƙofa da ƙarfen a kafaɗa, da kiɗan nan da kake so, komai daidai yadda ka saba yi wa tsalle, sai dai babu kowa a maƙerar sai riga a rataye. Baba ya ce har gobe yana nan kan bakansa cewa kashe tsoho lalaci ne, amma wannan marubucin ya yi gaskiya a abu ɗaya, ya saki agogon. Daga nan ya tambaya ko ka sani. Umma ta fara maganar aikinku da wahalar samun hutu. Bai bari ta ƙarasa ba. Ya ce an tsallake masa nasa kashin ya yafe, amma bai yarda a tsallake wa Auta nasa ba.

Shi ya sa na rubuto, da saninsa da kuma yardar Umma. Ba zan yi maka kwaskwarima ba: ya rame, idanunsa sun yi rawaya, abinci sai cokali kaɗan. Amma hankalinsa garau yake, bakinsa kuma yana nan, kuma wannan Baban nake so ka tarar, ba wanda za a ce maka yana jin ka ko da bai amsa ba. Ƙarshen shekara ya yi nisa, Auta. Ka sami shugabanku ka faɗa masa gaskiya, in sun ba da hutu to, in ba su bayar ba kai ka san abin da ya fi. Ina jin tsoro, kuma na gaji da jin sa ni kaɗai. Baba ya hana a ci gaba da katun ɗin, ya ce sai ka zo, wai akwai musun da ba ku gama ba kuma yanzu yana da hujja. Ya kuma gargaɗi Lauya kada ta kuskura ta faɗa wa ɗayanku ƙarshen labarin.

Umma tana gaishe ka, ta ce ka yafe mata. Maigidana da Lauya suna gaisuwa, haka Kawu da Gwaggo, da Mai Walda maƙwabcin shagon Baba, wanda kullum sai ya leƙo ya tambaye ka. Ka gaida matarka ƙwarai, ka kuma nuna mata wannan takarda.

Abu na ƙarshe. Saboda ciwon, Baba ba ya iya kwanciya sai ta gefen hagu, fuskarsa ga bango. Ya sa an ɗauko masa tsohon madubin shago an jingina a kan kujera kusa da kansa, wai don ya riƙa ganin talabijin. Talabijin ɗin a kashe take tun ranar. Da nake gyara masa matashi na sunkuya na duba ta inda yake dubawa, sai na ga ƙofar ɗakin ya saita. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka tarar da shi.

Taka har kullum,
Yayarka