Mai inshora ya yarda da rufinmu

Yaya,

Na tafi shago, na ga ka gaji ban tashe ka ba. Albishirinka, mai inshora ya zo ɗazu, za su gyara ɗakin Inna da ke yoyo.

Da farko ya so ya ƙi. Wai rufin kankare irin namu a shimfiɗe yake, ruwa na kwanciya a kai, in ba a share indararo to laifin masu gida ne. Na ce ina sharewa. Ya ce kowa haka yake faɗa, ina shaida? Na tuna Inna da bokitai a gefen gadonta.

Can sai na tuna hotunan da nake ɗauka a saman rufi ina tura wa yarinyar nan da nake nema, waɗanda kake min dariya a kansu. Na miƙa masa wayar. Kowane hoto da ranarsa, ga rufi fes a bayana, ga bakin indararo a buɗe, har tsintsiyata ta fito a wasu. Ya yi ta dubawa yana murmushi, ya hau da kansa ya ga tsagar da ruwan ke bi, ya sa hannu a takarda.

Don Allah kar ka bar kowa ya shafa siminti a tsagar nan, magininsu zai zo jibi. Kuma ka yi haƙuri, ya ga hotonka na ranar da barci ya kwashe ka a saman rufin baki buɗe. Ya ce shi ma shaida ne.

Ƙaninka