Laftof ta Goma Sha Biyu

Litinin, 6 ga Mayu, 2013

Yau Oga Thaddeus, shugaban sashenmu na kwamfuta, ya tsaya gaban mutum goma sha huɗu ya ce ni na lalata aikin Albert. Awon filaye na sati uku a Orozo, ya tafi gaba ɗaya. Wai ban iya saita sababbin laftof ba. "Mashkura tana ƙoƙari, amma kwas na wata shida ba digiri ba ne." Yana faɗa yana murmushi. Madam Rosemary, mai kamfanin, ko kallona ba ta yi ba. Daga gobe an mayar da ni wurin aiki a Orozo, kwantena ɗaya da janareta.

Ban yi kuka a gabansu ba. Na gode Allah da wannan.

Talata, 7 ga Mayu

Bari in rubuta yadda abin yake, ko da ni kaɗai zan karanta.

Laftof goma sha biyu Oga Thaddeus ya sayo, masu sabuwar ma'ajiya da ake kira SSD, wadda ba ta da faifai mai juyawa. Ya zaɓi mafi araha. Sannan ya sa a saita su a kan tsimin batir, don ya riƙa cika baki cewa suna kai awa bakwai. To in suna kan batir aka rufe murfi, tsarin kwamfutar yakan sa SSD ta kwanta, ya janye mata wuta sai ɗan kaɗan. Mai kyau nan take take farkawa. Wannan kuwa in ta haura rabin awa, sai a yi ta kira ba ta amsawa. A buɗe murfi, allo ya yi shuɗi, kwamfuta ta ce ba ta ga ma'ajiya ba. Wani lokaci fayil ɗin da ke buɗe ma ya lalace. Abin da ya sami Albert ke nan.

Tun 22 ga Afrilu na gano. Na aika wa Thaddeus imel, na ce a hana tsarin jefa ta cikin barci mai nauyi, batir zai ragu da minti ashirin kacal. Amsarsa kalma biyu: "Na gani."

Jiya ban tuna da imel ɗin ba sai a cikin bas. Zan iya tura wa Madam yanzu. Sai ya shiga ofishinta su rufe ƙofa, a fito a ce an samu rashin fahimta. A'a. A gaban mutane ya yi mini, a gaban mutane nake so.

Juma'a, 10 ga Mayu

Awa biyu daga Masaka zuwa Orozo, caɓi har idon sawu. Allah ya isa, Thaddeus.

Talata, 14 ga Mayu

Albert ya shigo kwantena, rana ta ƙona shi, yana sake awon tun daga farko. Ya ce, "Sista, ni ban ce ke ce ba fa." Na karɓi laftof ɗinsa, minti huɗu na canza saitin. Muka rufe ta awa guda. Ta farka kamar ba ta taɓa kwanciya ba. Ya daɗe yana kallona. Na ce ya gaya wa sauran masu awo su kawo nasu, amma kada maganar ta kai babban ofis.

Alhamis, 16 ga Mayu

Goma sha ɗaya na gyara. Saura ta Thaddeus.

Tasa ba ta taɓa ba shi matsala ba, don kullum tana kan tebur, a jone da wuta, murfi a buɗe. Alhamis mai zuwa zai kai ta Maitama ya nuna wa mutanen banki taswirar sabon rukunin gidajen. Daga ofis zuwa can, da cunkoson safe, minti arba'in. A kan batir. A rufe.

Ba abin da zan yi. Wannan ne daɗin abin, ba sai na taɓa komai ba.

Litinin, 20 ga Mayu

Anti Safara'u, sakatariyarsa, ta kira ni. Shekara goma sha ɗaya tana kamfanin, ita ta koya mini rubuta takardar neman hutu. Ta ce, "Mashkura, na ji kina gyara su. In lallaɓo miki ta Oga ranar Laraba?"

Na ce, "Bar ta, Anti, tasa lafiyarta ƙalau."

Ta yi mini godiya, har da tambayar jikin Umma.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ya faru.

Albert yana wurin, shi ya ba ni labari ta waya. An haɗa laftof da babban allo, Oga ya gyara taye, ya buɗe murfi. Shuɗi, bango guda, a gaban mutum tara. Ya kashe ya kunna, taswira ta ƙi buɗewa. Wai gumi har ya jiƙa bayan kwat. Wani daga mutanen banki ya duba agogo ya ce a sa wata rana.

Na sa Albert ya maimaita mini wurin gumin. Na sayi shinkafa da kaza wajen mai abinci, na cinye tas. Rabona da cin abinci haka tun ranar shida ga wata.

Juma'a, 24 ga Mayu

Thaddeus ya ce laifin Anti Safara'u ne. Ita ta rufe laftof ɗin ta sa a jaka, don haka ita ta lalata fayil. An ba ta takardar dakatarwa, sati biyu, sannan a duba ko za ta dawo.

Ta kira ni a waya. "Tunda kin ce lafiyarta ƙalau, to ni ce na yi wani abu. Ki gaya mini me na danna, don Allah."

Na ce layin ba kyau.

Asabar, 25 ga Mayu

Ba ni na rubuta takardar dakatarwar ba.

Litinin, 27 ga Mayu

Ban je Orozo ba. Na shiga wajen Madam da imel ɗin a takarda. Ta karanta, ta sa a kira Thaddeus da laftof ɗinsa. Na zare wayar caji, na rufe murfi, muka zauna mu uku muna jira. Minti talatin da biyar cur. Na buɗe. Shuɗi. Na canza saitin a gabansu, na ce su gwada ta duk tsawon da suke so.

Sati uku ina tsara wannan lokacin a raina. Fuskarsa ta yi yadda nake so, ba ƙarya.

Sai Madam ta ce, "Goma sha ɗaya kin gyara. Me ya hana wannan?"

Da na ce ba a kawo mini ba, da ta yarda. Ban san yadda aka yi ba, na ji kaina ina ba ta labarin wayar Litinin da ta wuce, da abin da Anti ta tambaya, da abin da na amsa.

An ba shi takardar gargaɗi, an karɓe masa sayen kaya. Ni kuma zan ƙara wata uku a Orozo. Anti Safara'u za ta dawo gobe, kuma Madam ta gaya mata komai.

Har yanzu ba na son ganinsa. Kuma ba wai nadama nake ba, kawai dai ba na son a bar ƙarya a fayil ɗin ma'aikaci.

Na kira Anti sau biyu, ba ta ɗauka ba. Gidanta yana Karu, kusan a kan hanyata ne. Gobe zan ɗan fito da wuri.