Baitin Ƙarshe na Waƙar Baba

Laraba da dare, Onitsha.

Ƙirjin ya yi sauƙi yau, amma gwiwoyi sun hana ni zuwa masallaci. A zaune na yi sallolina.

Tun safe nake laluben baitin ƙarshe na waƙar Baba, wadda ya yi lokacin yaƙi yana roƙon kada kowa ya ɗaga wuƙa a kan maƙwabcinsa. Sauran baitocin suna nan daram, wannan ɗin ne ya ɓace mini. Ba a taɓa rubuta ta ba.

Abin dariya, ba a bakin Baba na koye ta ba, a bakin ƙaninsa ne, Baffa Sule, wanda ya sha ɗauri saboda haɗa kan 'yan dakon kasuwa. Kwano ɗaya suke ci, suna musu. Baffa ya ce, "Yaya, waƙarka ba ta taɓa rage wa ɗan dako nauyin buhu ba." Baba ya ce, "Ihunka ya rage? Ci tuwonka kafin ya huce." Amma a kurkuku ita Baffa ya riƙa rerawa.

Yanzu ni da 'yarsa Hajiya Binta kaɗai muka san ta. In ita ma ta manta, shi ke nan. Ta yi waya ta ce yau za ta taso daga Enugu. Na sa an sayo mata ayaba da gyaɗa. Duk okadan da ya tsaya a ƙofa sai na ɗaga labule.

Har aka yi isha'i ba ta zo ba. Na rera waƙar ni kaɗai zuwa inda na iya, na bar mata sauran.