Kada a Ba da Gonar Alidu

Nima, Ankara, Gana
Oktoba, 1965

Zuwa ga Baffa Mumuni a Salaga,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sassauta ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya, Zuera matar Alidu da yaranta suna wurina, ƙaramar ta fara tafiya.

Baffa, na ji saƙonka cewa za ka ba wani gonar ƙanena Alidu, tunda shekara biyu bai aiko ko sisi ba, kana ganin birni ya cinye shi. Alidu ba ya birni. Yana daji bayan garin Nsawam, cikin leburorin da ke zuba wa hanyar ƙauyuka marmara. Na je na gan shi, gani kuwa ya kori ji. Ladansa sule shida da sisi a yini, yadda yake shekara biyar da suka wuce. Bana an sauya wa kuɗin suna, ba a ƙara ba. Ranar da aka yi ruwa kuma ba aiki, ba lada.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan. Da suka sauka ƙauyen da suke aiki yanzu, rogo da doya kusan kyauta ne, don ba motar da ke shiga. Da hanya ta iso, sai matan kasuwar Makola ta nan Ankara suka biyo ta da manyan motoci suna kwashe amfanin tun a gona. Yanzu a ƙauyen da ake noman rogon, Alidu na sayen gari da tsadar Ankara. Ya ce mini, yana dariya, su ne kaɗai mutanen da ke share wa yunwa hanya da hannunsu, har su gyara mata gada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ban iya dariyar ba, don na ga ya ƙara wa ɗamararsa huji.

Na tambaye shi dabara, ya ce in an matsa da su gaba za su sami araha na ɗan lokaci, kafin aikinsu ya cim musu. Jaridu na ta cewa za a duba albashi. Na daɗe ina karanta wannan alkawari, ban sa rai ba. Ni ma ɗakina ɗaya ne, ban san iya watannin da zan ƙara riƙe iyalinsa ba.

Kunya ta hana shi roƙonka, shi ya sa na roƙa. Zai dawo, amma hannu wofi. In gonar ta tafi, ba shi da wurin komawa. A noma ta bana in ya zama dole, amma a bar ta da sunansa.

Ka gai da Inna Sabuwa, da Azara, da Luba. Kada a gaya wa Inna Alidu ya rame.

Ɗanka mai biyayya,
Sulemana