Ƙarar Sarƙar Motar Ungozoma

Litinin, 6 ga Mayu

Maƙwabciyarmu ungozoma ta kira ni da sassafe in saurari tsohuwar motarta. Wai in ta tashe ta da sanyi, gaban injin na ƙara, wajen sarƙar taimin, mai daidaita bugun injin. Ta murɗa makulli, ta leƙo ta taga. "Baba, ka ji ko?" Na gyaɗa kai, har da ɗaure fuska irin ta masana. Ban ji ba. Gurnanin injin kawai, shi ma kamar daga bayan katanga.

Ni da duk layin gareji suke kira Mai Kunne.

Talata, 7 ga Mayu

Da a ce da ne, kafin ta saki makullin na gama aikina. In ƙarar ta ɗan yi ta ɗauke, tenshina ce, wato abin da ke matse sarƙar. In ta ƙi ɗaukewa, sarƙar ta miƙe. In kuma gurzawa ce, robar da sarƙar ke bi a kai ta karye. Ko cikin barci na san wannan.

Buɗe injin in duba ba zai yiwu ba. In na kwance gaban, ba zai mayu ba sai da sababbin kaya a hannu, ita kuwa Asabar kaɗai za ta iya ajiye motar. Tana da mata a ƙauyuka da cikinsu ya tsufa. In sarƙar nan ta tsallake haƙori a kan hanya, fistin ya daki bawul, shi ke nan, injin ya mutu a daji, wata kuma tana can tana naƙuda. Abin da ya hana ni cin abinci ke nan.

Laraba, 8 ga Mayu

Na je wajen mai kayan gyara. Kayan injin nan sun daina zama a kanti, sai dai ya aika a nemo, kuma in ban faɗa masa gobe da azahar ba, ba za su iso kafin Asabar ba. Ya ajiye mini sabon saiti a kwali mai sheƙi, wai in canza duka in huta. Na ɗaga sarƙar, na lanƙwasa ta gefe, har ta yi baka. Jabu ce. In cire sarƙar asali in ɗaura wannan, ai na cuci matar. Na asalin kuwa ɗaiɗai ake samu, da ƙyar, kuma sai ka faɗi wanda kake so.

Ya ce, "To wanne ka ji?" Sai da ya maimaita. Na ce hayaniyar titi ce. Ya yi dariya, ya ce ai kunnena ba ya ƙarya. Na ji kamar in kifa masa kwalin a ka.

Laraban dai

Na gwada dogon sukundireba a wata motar, kai a jikin injin, ƙota a muƙamuƙina. Girgiza kawai. Komai ya cakuɗe. Tsoro nake ji, gara in rubuta.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ina sa takalmi zan koma gidan ungozoma, uwar yara ta yafa mayafi, wai za ta karɓo maganin ciwon gwiwa. Gwiwar da jiya ta hau tsani da ita. Muka tafi tare.

Aka tashi motar. Na sunkuya cikin bonet ina ta zufa a banza. Sai na ji uwar yara ta matso dab da kafaɗata ta dama, kamar mai kallon injin don sha'awa. Ta ɗora yatsa a bayan hannuna, inda ungozoma ba za ta gani ba, ta shiga bugawa da sauri, taf-taf-taf, sannan ta tsaya cak. Tenshina. Har na fara miƙewa, ta danne hannun. Sai ta soma jan farcenta a fatata, a hankali, ba tsayawa, har aka kashe injin.

A hanya na ce, wa ya ce ta sa baki a aikina. Ba ta kalle ni ba.

"Baban yara, ta farkon ta mutu da wuri. Amma akwai wata a ƙarƙashi, kamar ana kankare ƙanzo. Ita ba ta daina ba."

Na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun da na daina yi mata faɗa kan ƙarar ƙofar kicin. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa da wa.

Na aika a kawo tenshina da roba. Sarƙar ta zauna.

Juma'a, 10 ga Mayu

In ta yi kuskure fa? Matar da ba ta san inda ake zuba baƙin mai ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Na buɗe. Tenshina ta saki. Robar ta rabe biyu, guntunta ya faɗa ƙasa, sarƙar har ta fara cin murfi. Da tenshina kaɗai na saya, da ban ga laifin kowa ba sai nawa. Sarƙar kuwa garau, na auna ta har sau biyu.

Ungozoma ta karɓi motarta da la'asar tana ta sa albarka, wai kunnen Baba sai dai a bar shi. Na ce Allah ya tsare hanya. Na kau da kai, na shiga goge hannuna da tsumma.

Talata, 14 ga Mayu

Akwai wata a-kori-kura da mai ita ya ce tana ƙara in ta yi zafi. Na ce ya dawo da ita da rana, yanzu aiki ya yi mini yawa. Babu wani aiki.

Na goge bencin da ke kusa da ramin gareji, na jawo shi inuwa. Uwar yara ta kawo abinci, na ce rana ta yi zafi, ta zauna ta huta tukuna. Ta dubi bencin, ta dubi motar da ke shigowa, ta gyara mayafi ta saki kunnenta waje. Na ce wa mai motar ya taka totur.